Shekarar da Na Zama Idon Babanku

Abin da ya sa na ce 'yata Maryam ta ɗauko alƙalami yau, wata magana ce da na ji a bakin jikata ranar sunan ɗan Usman. Tana gaya wa ƙawarta da Larabci, a zatonta kunnena ya mutu, wai kakanta ya tafi Misra cinikin gumaka, ya bar uwarsa ta mutu a hannun maƙwabta. Ban yi mata faɗa ba. Abin da ta tarar ana faɗa ke nan a unguwarmu Hindawiyya tun ubanta yana goye. Waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, kuma ba na so in bi su da maganar a cikina.

Babanku, Malam Isa, maƙerin azurfa ne, rumfarsa tana Misfala. A nan Makka aka haife shi. Iyayensa da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a hanya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma a Sudan, su sake ɗaukar kaya. Ubansa bai daɗe da isowa ba ya rasu, Inna ta rene shi da tallan soyayyar gyaɗa. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rayu mata. Da ya tasa sai ya kama aiki wajen wani tsoho ɗan canji, mutumin Halab ta ƙasar Sham, kuma a wurin tsohon nan ya koyi abin da ya jawo masa suna, ya jawo masa bakin mutane. Kun san alhazai in an sauko daga Mina guzuri yakan ƙare musu, sai su kwance kayan adon matansu su sayar. Mutanen Sham da na Yaman da na Bukhara da na ƙasar Afgan, a jikin sarƙoƙinsu akan sami wasu tsofaffin kuɗin azurfa masu kauri, da ba rubutun Larabci ko ɗaya a jikinsu. Sauran maƙera tukunyar narki suke jefa su. Tsohon nan ya nuna wa babanku cewa kuɗin Yunanawa ne na zamanin da, tun kafin Annabi Isa, ya koya masa haruffansu, ya koya masa yadda ake gane garin da aka buga kowanne da sarkin da ya sa aka buga. Akwai attajirai a Jidda da Misra da Sham masu tara irinsu, ba don su kashe ba, don su ajiye su yi ta kallo. Su ne ke aiko wa babanku da nasu a ƙulle a tsumma, ya duba ya gaya musu: wannan na gari kaza ne, wannan bayan mutuwar sarkin aka buga shi, wannan jabu ne.

Inna ba ta taɓa son aikin ba. Duk kuɗin da hoton mutum ko na tsuntsu a jiki, a lokacin kuwa ba a wasa da maganar hoto a garin nan. Ba ta yarda a shiga da su ɗakinta, in ta ga ya shimfiɗa su a tsakar gida sai ta ja tabarmarta gefe.

"Kwashe mini 'yan gumakan nan, mala'iku su samu hanyar shigowa," haka take cewa.

"Kuɗi ne, Inna, da su aka sayi gurasa. Ba wanda ya yi musu sujada."

"Oho. Ni dai ban tako ƙasa tun daga Kano don in zauna da mujiya ba."

A shekarun babban yaƙin Turawa alhazai suka yi ƙaranci, gari ya yi tsanani, har mukan wuni da shayi da guntun gurasar tamis. A cikin wannan hali idonsa ya fara. Da farko cewa yake hayaƙin maƙera ne. Sai na lura yana kai kuɗin har bakin hancinsa, yana juya kai kamar mai leƙen rami. Wata rana ya ƙona yatsunsa da narkakkiyar azurfa, bai ga inda ta zuba ba. Kafin a gama yaƙin yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagu kuma sai inuwa yake gani. Aka yi kwalli, aka yi Zamzam, aka yi tofi. Ƙira ta gagara, ya rufe rumfa. Abin da ya rage mana na ci shi ne duba kuɗin nan, shi ma ido yake so.

Ran nan da hantsi, na gama shara, ya kira ni.

"Kulu, zo ki zauna nan inda rana take. Karɓi wannan. Gaya mini abin da kike gani."

Na ce, "Malam, ni me na sani?"

"Ban ce ki sani ba. Cewa na yi ki gani."

Na juya shi a tafin hannuna. Na ce ga kan mace da kwalkwali, a baya kuma ga mujiya ta zuro ido, da ɗan reshen ganye a bayan kanta, da wasu haruffa uku. Ya ce ganyen zaitun ne, garin kuma Atina. Sai ya ce in duba kuncin macen da kyau. Na ce akwai wani ɗan zane kamar ƙugiya. Ya yi murmushi, rabona da ganin haƙoransa har na manta.

"To, ba 'yar Atina ba ce. Mutanen Yaman ne suka kwaikwaya, suka sa harafinsu a kumatunta. Kin ga kin gano abin da mai shi bai gano ba."

Haka muka soma. Kullum in rana ta hau katangar gidanmu sai mu zauna, shi da yatsu ni da ido. Shi zai shafa gefen kuɗin ya ji ko akwai layin da ke nuna zubi aka yi a cikin ƙasa ba bugu da guduma ba, ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙararsa, ya jinjina nauyinsa. Ni kuma in faɗi abin da ke jiki. Muka raɗa musu sunaye namu na gida. Akwai Mai-zaki, wani sarki da ya yafa fatar kan zaki, a bayansa wani dattijo a kujera da gaggafa a hannu. Irinsa ya fi yawa, ya kuma fi wuya, don an buga shi a garuruwa barkatai, sai ka duba 'yar alamar da ke ƙarƙashin kujerar ko gaban gwiwar dattijon kafin ka san garin. In ƙafafun dattijon a jere suke, galibi sarkin yana raye aka buga, in ya harɗe su, ya riga ya mutu. Akwai Mai-giwa da alhazan Afgan ke kawowa, akwai Kunkuru, akwai Doki-mai-fiffike. Haruffan ban san sunansu ba, sai in ce ga mai kama da tsani, ga mai kama da murhu, ga ƙwai da ɗigo a ciki, shi kuma ya haɗa su a ka ya fitar da suna. Ban ɓoye muku ba, a duk zamanmu da babanku ba lokacin da na ji daɗinsa kamar wannan, ga yunwa ga makanta. Da can tsakanina da shi sai ga abinci, sai sannu da zuwa. Yanzu kuwa har gardama muke yi, in ce tulu ne, ya ce ba a taɓa sa tulu a wurin nan ba, in ce to yau an sa. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, tana yi kamar ba ta ji.

Hajjin da ya biyo bayan yaƙin, wani Bamisre ya zo nemansa har gida. Attajirin auduga ne daga Iskandariyya, Afandi muke ce masa, ya daɗe yana aiko da kuɗi a duba masa amma ba su taɓa haɗuwa ba. Da ya ga halin da ake ciki sai ya ajiye maganar kuɗi. Ya matso, ya ɗaga fatar idon babanku da yatsa, ya ce wannan yanar ido ce, kuma a garinsu akwai likitan da ke cire ta. Ya ce yana da akwatuna cike da kuɗin Yunanawa da ubansa ya bari a cakuɗe, ba wanda ya san kansu. Yana so babanku ya bi shi, a yi masa aikin ido, in ya warke ya zauna ya rarrabe masa su gari-gari, sarki-sarki. Wakilinsa na Jidda kuma zai riƙa kawo mana abinci har ya dawo.

Babanku ya ce a'a tun kafin mutumin ya rufe baki. Inna ta tsufa, ƙafafunta sun fara kumbura, ba ta da kowa sai shi. Maƙwabta da suka ji suka ce ya yi daidai, wa zai bar Harami ya tafi ƙasar da mata ke yawo kai a buɗe, don hoton mujiya. Ni ina so ya tafi, amma ban isa in faɗa ba, don za a ce matar ɗa ce ke son raba shi da uwarsa. Na yi kwanaki ina haɗiye maganar. Ashe Inna tana kallonmu duka. Ana gobe ayarin Misrawa zai sauka Jidda, bayan la'asar, ta kira shi. Ya lallaba ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Kai yaron nan, jiya na ga ka sa hannu a miya kana neman tuwo."

Ta ci gaba:

"Ubanka ya mutu da idonsa biyu. Ni ma da nawa zan mutu. Kai kuma da 'ya'ya ƙanana za ka zauna a ƙofar Harami da ƙoƙo? Tashi ka bi mutumin nan."

"Inna, in na tafi wa zai..."

"Ga Kulu. Halas, na gama magana. Ka je ka duba masa gumakansa, Allah ya san ba don su na tura ka ba."

Wannan ita ce maganar da mutanen unguwa ba su ji ba, don daga ni sai shi sai ku kuna wasa a ƙasa. Da safe ya shiga motar Jidda, Afandi yana riƙe da hannunsa. Inna ba ta fito rakiya ba. Da na dawo na tarar ta juya fuska bango, gyaɗar da ta ɓare tana nan a faranti, kaji suna ci.

Wakilin Afandi, wani dattijo Bahadrame, mutumin kudancin Yaman, yakan hau Makka lokaci-lokaci da buhun shinkafa da labari. Zuwansa na farko ya ce sun sauka lafiya. Na biyu ya ce an yi aikin idon dama, bai yi ba, idon ya tafi ke nan. Likita ya ce sai an jira kumburi ya sauka kafin a taɓa na hagu, kuma in an yi, dole ya kwanta ba motsi, ba kuka, ba tashin hankali, in ba haka ba shi ma ya bi ɗan'uwansa. A daidai wannan lokacin jikin Inna ya rikice. Kumburin ya hau har cikinta, numfashi ya zama aiki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ni ke ɗaga ta, ni ke wanke ta, ga Usman a baya, ga Maryam tana jan zanena. Zafin shekarar nan ban taɓa ganin irinsa ba, duwatsun garin kamar murhu, mai ruwa kuma ba ya hawowa layinmu sai ya ga dama. Na ce wa Inna in Bahadramen ya zo zan ce a gaya wa Malam. Ta kama wuyan hannuna, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"In kika aika, ban yafe miki ba. Zai taso da ido ɗaya a ɗaure, ya zo ya tarar da ni, ya rasa ni, ya rasa idon. Ki bari sai an kwance masa ya gani."

"Inna, zai ce na ɓoye masa."

"Zai ce. Ki ɗauka. Ni na ɗauki abin da ya fi wannan."

Da dattijon ya zo ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya ce Malam yana tambaya yaya tsohuwa. Ina bayan labule, ina jin numfashinta daga ɗaki kamar ana jan zarto. Na ce a gaya masa tana gaishe shi, tana sa masa albarka. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna cewa ba a aika wa ɗanta ba ne? Na ce an aika. A nan ne maganar ta samo asali, suka ɗauka an gaya masa ya ƙi zuwa. Na bar su a haka, don in na ce ban aika ba, a ranar wani zai sami mai zuwa Jidda ya ba shi saƙo.

Ta rasu wata Alhamis da walaha, kanta a cinyata. Kafin ran ya fita ta buɗe ido tana duban ƙofa, ta kira shi. Ba "yaron nan" ta ce ba. Sunansa ta kira, sunan da kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa tun ranar da aka raɗa shi. Mazan unguwa suka ɗauke ta, aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Ma'ala. Mata ba sa bin gawa, ni iyakata ƙofar gida.

Sai da aka yi makonni Bahadramen ya zo yana dariya tun daga bakin layi, ya ce an kwance, Malam yana gani da na hagu, an ba shi tabarau mai kauri, har ya fara aikin akwatunan. A ranar na ba shi saƙon rasuwar. Babanku ya bar aikin a rabi, ya bi jirgin ruwan farko da ya samu. Na ji sallamarsa na fito da gudu, ina zaton zai dube ni, don rabon da ya ga fuskata da kyau an yi shekaru. Ya dube ni ɗin, ta cikin tabarau, ido ɗaya ƙato kamar ba nasa ba. Sannan ya wuce ɗakin Inna ya tsaya a tsakiya. Ba komai a ciki sai tabarma a naɗe da carbinta a ƙusa.

"Tun yaushe ta kwanta?"

Na gaya masa.

"Lokacin da aka ce mini tana gaishe ni, tana kwance?"

"Tana kwance. Ita ta hana ni."

"Na sani ita ta hana ki," ya ce. "Na san uwata."

Ya tafi Ma'ala da wani maƙwabcinmu da aka yi jana'izar da shi. Kun san kaburburan garin nan, ba suna, ba rubutu, dutse ne kawai a kan ƙasa, kuma bayanta an binne mutane da yawa, don zafin ya kwashi tsofaffi. Maƙwabcin ya ce nan ne, ya sake dubawa ya ce a'a, kamar can ne kusa da katanga. Suka tambayi mai haƙa, ya ɗaga kafaɗa. Babanku ya yi ta zagaye a cikin rana yana sunkuyawa yana duba duwatsu ɗaya bayan ɗaya, har aka kira azahar. A ƙarshe ya tsaya a tsakiyar filin ya yi wa kowa addu'a.

Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya sake buɗe rumfa, aikin duba kuɗi ya dawo har ya fi da, Afandi ya riƙa aiko da ragowar akwatunan kaɗan-kaɗan ta hannun alhazai. Da wannan aka ciyar da ku, da shi aka sa ku a makaranta. Amma a rumfa yake dubawa, shi kaɗai, bai sake kawo ko ɗaya gida ba. Muka koma ga abinci, sannu da zuwa. Maganar unguwa kuwa yana jin ta, wani lokaci a gabansa ake yi, bai taɓa kare kansa ba. Na ce ya bari in faɗa wa mata gaskiya, ya ce in na faɗa, kaina abin zai dawo, a ce matar ɗa ta ɓoye ciwon uwar miji, shi namiji ne, ya fi ni iya ɗauka. Kun ga, yana fushi da ni yana kuma tsare ni, haka muka zauna shekara da shekaru. Ni dai har yau ban ce na yi kuskure ba. In aka mayar da ni bayan labulen nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Ido na saya masa, na san kuma da me na biya.

Sai a ciwonsa na ajali, lokacin duk kun yi aure, ya tayar da maganar. Ina ba shi kunu da rana tsaka, ya kawar da ludayin.

"Kulu, ta neme ni?"

"Ta neme ka."

"Me ta ce?"

"Sunanka ta kira."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ban taɓa jin sa a bakinta ba. Yaya ta faɗe shi?"

Ni ma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, tun ranar da aka kawo ni gidan. Na ajiye kwanon, na gyara murya, na ja shi a hankali yadda ta ja shi, da ɗan tambaya a ƙarshe, kamar mai jin motsi a ƙofa.

"Isa?"

Ya rufe idonsa.

"Na'am, Inna," ya ce.